Gurbin Haƙorina da Tururuwar Inna

Ciwon haƙorin ya fara ne tun ina da ciki. Turmi ne na sama, ɓangaren dama, na can ƙurya. Na cusa kanumfari, na guntsi ruwan gishiri, na haihu da shi, na gama wankan jego da shi. Sai da yarinyar ta yi wata huɗu, ruwan shuka ya sauka, sannan maigidana ya gaji da ganina ina tauna da gefe guda kamar akuya. Ya ce in shirya ranar kasuwa.

Ƙauyenmu yana nan wajen Kunci. Gida a jikin gida, gona a jikin gona, in ka yi tari a bayan danga sai an yi maka sannu daga gida uku. A gidanmu mu huɗu ne: ni, da shi, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, sai yarinyar. 'Yar fari ce, don haka ba na kama sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane. Ko kuka take, in Inna tana tsakar gida sai in yi kamar ban ji ba, har Inna ta ce, "Ke, ɗauki ƙawata ki ba ta." Haka aka koya min a gidan iyayena. Na faɗi wannan ne don a gane abin da ya zo daga baya.

Mai cire haƙorin yana da ɗan shago a bayan 'yan hatsi, da labule da kujera irin ta masu aski. Ya yi min allura a dasashi, suna ta zancen taki shi da maigidana. Da ya kama haƙorin ya jijjiga, na ji wata ƙara a cikin kaina kamar an karya kara. Ya fito da shi, ƙafa uku, dogaye. Ya ɗaga shi saitin taga ya juya. Ya haska bakina da fitilar waya, ya daɗe yana leƙe. Zancen takin kuma bai ƙara komawa kansa ba.

Ni wannan shirun na riƙe.

Ya danna min auduga ya ce, "Sati biyu kar ki fyace hanci. In atishawa ta zo, buɗe baki za ki yi. Kin ji ko?"

Na ɗaga kai. Na nuna masa haƙorin da hannu, wai ya ba ni abina.

"Me za ki yi da shi, amarya? Miya?"

Ya jefa shi cikin wani kwanon silba mai murfi. Na ji ya faɗa kan 'yan'uwansa.

A kwana na uku ina alwalar la'asar, na guntsi ruwa ina kurkure baki, sai na ga ruwa yana ɗiga a kan zanena. Na duba butar, ba ta yoyo. Na sake guntsa. Ta hancina na dama yake fitowa, ɗis, ɗis. Na waiga, Inna tana tsince wake ba ta gani ba. Ban gaya wa kowa ba. Washegari kunu ma ta can ya biyo, da zafinsa da tsaminsa.

Kafin sati biyu wari ya zo, irin na rijiyar da ɓera ya mutu a ciki. Ta hanci ɗaya kawai, da wata majina mai kauri, ruwan ɗorawa. Ƙarƙashin idona ya yi nauyi. In na yi sujada sai in ji kamar an ɗora min dutsen niƙa a kunci, in na sunkuya ɗaukar yarinyar sai na dafa bango. Amma maganar mutumin nan na riƙe ta gam. Sati biyu ya ce, ni har wata uku ban fyace ba. In majinar ta zubo, da gefen zane nake gogewa. Abin da kawai ke ɗan sama min sauƙi shi ne alwala. In na zo hanci sai in shaƙi ruwa sosai ya kai can ciki, in toshe gefe ɗaya da yatsa in turo shi waje da ƙarfina. Da yake warin yana sa ni jin kamar ba ni da tsarki, ko alwalata ba ta karye ba sai in sake wata.

Maigidana ya sayo magani a kyamis, mai kai ja da baƙi. Na sha, warin ya ja baya kwana shida, ya dawo. Ya sayo wani, fari, babba kamar ƙwayar gurjiya. Shi ma haka. Na fara duba kwalin ina juyawa ko da ba na iya karanta rubutun, ina cewa a raina tsohon magani suke ba shi don sun ga ɗan ƙauye ne. Wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta danga ta ce ita ba ta taɓa barin haƙorinta a hannun wani ba, ko na 'ya'yanta binnewa take yi. Daga ranar kwanon silban nan ya zauna min a rai. Haƙoran mutane nawa ne a ciki, kuma ina yake kai su?

Inna ba ta ce min ina wari ba. Tabarmarta kawai ta ja gaba kaɗan. Sai kuma na lura, duk sanda na gama ba yarinyar nono sai ta karɓe ta, ta goge mata baki da gefen mayafi, ta shinshina kanta. Da gero ya fara fitar da kai, yarinyar ta kama zawo. Ba mai yawa ba, amma ta ɗan rame, tana ta cusa hannu a baki.

Rannan ina wanke-wanke a gindin rumbu, Inna ta ari wayar maigidana ta zagaya baya. Ƙanwarsa take kira, wadda ke aure can wajen Watari, tana goyon namiji. Inna ba ta iya magana a hankali a waya ba, a ganinta sai ta ɗaga murya za ta kai nisan.

"Ruɓa ce a kanta, kuma duk abin da ke kai ƙirji yake sauka. Ke nononki ai ya ishi biyu. In an yanke gero ki zo ki tafi da yarinyar."

Kwanon da ke hannuna na wanke shi ya fi sau biyar.

Da yamma Inna ta kira ni ɗakinta, ta miƙo min ƙoƙo ta ce in tatsa. Na san abin da za a yi, don an yi min shi kwana biyu da haihuwa. Ana jefa tururuwa a cikin nonon. In ta yi iyo ta fita, nono lafiya lau. In ta mutu, nono ya ɓaci, ba a ba yaro. A wancan karon ta fita da gudunta. Na tatsa. Inna ta fita bakin ƙofa ta dawo da tururuwa tsakanin babban yatsa da manuni, ta sake ta a cikin nonon. Ta ɗan motsa ƙafa, ta juya sau ɗaya, ta tsaya.

"Kin gani da idonki," in ji Inna.

Na gani. Amma na ga yatsun ma. Yatsun Inna sun shekara arba'in suna murza zare da ɓarar gyaɗa. Tururuwar da ta shiga tsakaninsu, ko a ruwan zamzam aka sake ta, ban ce za ta kai ba. Na ɗauki ƙoƙon na fita.

Da maigidana ya dawo daga gona na kai masa ruwa, na tsaya. Bakina ba zai iya cewa 'yata ba, sai na ce, "Yarinyar Inna ba ta saba da kowa ba fa."

"Ai ba bare za a kai wa ba. Gwaggonta ce."

"Watari da nisa."

Ya dube ni, ya dubi ɗakin Inna. Shi mutum ne da ba ya son a ja shi ta hannu biyu. Ya ce, "To, mu koma wajen mutumin. In kin warke kafin a yanke gero, shi ke nan, babu mai zuwa ko'ina."

Mai cire haƙorin ya gane ni tun daga labule. Ya leƙa bakin, ya ja tsaki a hankali.

"Kin fyace."

"Wallahi ban fyace ba."

"Hajiya, ramin nan da kansa yake rufewa in an bar shi. Wani abu yana buɗe shi kullum."

Wato ya san da rami tun ranar farko. Shi ne shirun da ya yi. Na ce, "Malam, ina haƙorina?" Ya dubi maigidana kamar mai tambayar ko ƙalau nake. Ya ce an zubar tuntuni. Shi yana min kallon maƙaryaciya, ni ina masa kallon maƙaryaci. Ya rubuta takarda ya ce mu tafi babban asibiti a birni, aikin ya fi ƙarfin shagonsa. A hanya na ce wa maigidana kar ya yarda da takardar nan, wa ya san abin da ya rubuta musu? Ya ce in yi shiru iska tana shiga bakina.

Mun bar yarinyar wajen Inna da ɗan kamu a kofi. Tun daga Bici nake tunanin ko za mu dawo mu tarar an riga an zo an ɗauke ta.

Likitar mace ce, ba ta girme ni sosai ba. Wadda ke taya ta aiki kuwa dattijuwa ce mai tabon salla, ita ta rubuta ni.

"Daga ina?"

"Wajen Kunci."

"Allah sarki. Ga shi ciwon ma a kuncin ya sauka, bai yi ɓatan hanya ba."

Ban yi dariya ba. Aka yi min hoto. Likitar ta toshe min hanci da yatsunta ta ce in turo iska kaɗan, bakina a buɗe. Na ji wani siririn fito daga gurbin haƙorin, ita ma ta ji. Ta ce a cikin ƙashin kunci akwai wani kogo da ke haɗe da hanci, kowa yana da shi. Saiwar haƙorina ta yi tsawo har ta taɓo ƙasan kogon, da aka cire sai ya huje. Abinci yana hawa, ya zauna, ya ruɓe. Ta ce yana faruwa ko a hannun gwani. Na ce a raina, ga shi nan, bakinsu ɗaya, takardar ta yi aikinta.

Na tambaye ta nono. Ta ce babu hanya tsakanin kogon nan da nono, in ci gaba da ba ta, maganin da za ta rubuta ma ba ya hana shayarwa. Ta ce bayan azahar za su wanke kogon su ɗinke ramin, amma in na fyace ɗinkin zai ɓalle.

"Ni ba na fyacewa."

"Ko sau ɗaya?"

"Wata uku ke nan."

Ta kalle ni, irin kallon mai shagon.

Da aka kira salla na tafi famfon da ke bayan ɗakin mata. Na tsuguna na fara alwala. Dattijuwar nan ta zo da butarta ta tsuguna kusa da ni. Na wanke hannu, na kurkure baki, na kamfaci ruwa na shaƙa har ya kai inda nake so, na toshe gefe ɗaya na turo. Na sake. Zan yi na uku ta riƙe min hannu.

"'Yar nan, me kike yi haka?"

"Alwala."

"A'a, wannan na hancin."

"Shaƙa ruwa ne, Baba."

"In kin shaƙa kuma sai ki yi me?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai kalmar ta faɗo min: fyacewa. Tun muna yara a makarantar allo haka ake rera mana, shaƙa ruwa da fyacewa. Na san kalmar sarai. Amma ni a wajena fyace hanci shi ne abin da mai mura ke yi a bayan ɗaki. Na alwala ibada ce, ban taɓa haɗa su a hanya ɗaya ba. Shi ma mai shagon da ya ce kar in fyace, bai ce har da na salla ba, ni kuma ban tambaya ba.

"Sau nawa a rana?"

Na ce salla biyar, sau uku uku. Sai kuma waɗanda nake ƙarawa saboda warin.

Ta ajiye butar ta riƙe haɓa. "Da me kike girki?"

"Kara."

"Da damina. Jiƙaƙƙe. Kina hurawa da baki?"

"Sai an hura yake kamawa."

"To ai ke ba ki bar ramin nan ya huta ko na yini ɗaya ba. Shi yana ɗinke kansa, ke kina farkewa, kuma da bismilla."

Ta ce daga yau har sati uku, in na zo hanci in shafa ruwa a bakinsa in wuce, kurkurar baki ma a hankali, wuta kuma da mafici. Na ce sallata fa? Ta ce shaƙa ruwa sunna ce, ba farilla ba, mai lalura an ɗauke masa. Na amsa da to, amma ban sakankance ba. Ma'aikaciyar asibiti ce, ba malama ba.

Suka yi aikin. Ba zan faɗi abin da ya fito daga kogon nan ba. Muka iso gida da la'asar sakaliya, ƙirjina ya cika har ya jiƙa riga. Na tarar da yarinyar a bayan Inna. Ashe ba wanda ya zo ya ɗauke ta.

Na sa maigidana ya tambayi liman. Ya dawo ya ce haka ne, sunna ce. Na ce ya tabbata ya yi tambayar daidai? Ya ce in ban yarda ba in je da kaina.

Inna tana kallon komai. Ta ga alwalata ta ce, "Sabuwa ce aka fito da ita a birni?" Ta gan ni da mafici a gaban murhu, hayaƙi ya cika min ido, ta ce, "Yanzu wutar ma likita ya hana?" Amma a kwana na uku ta ture ni gefe, ta durƙusa ta hura da kanta. Na kasa gane ko tausayi ne, ko so take tuwo ya sauka da wuri.

A hankali nauyin ya ragu. Bayan kwana goma na sha kunu bai biyo ta hanci ba. Na yi sujada na ɗago ba tare da na dafa ƙasa sau biyu ba. Warin ya tafi, ko da yake na kan shinshina gefen zanena in ji ko yana nan ya ɓuya. Na gaya wa Inna abin da likita ta ce kan nono. Ta ce likita ba ta ga tururuwar ba.

Ranar da aka gama yankan geronmu, ƙanwar maigidana ta sauka daga kan mashin da ɗanta a baya da buhun albasa. Ba wanda ya ce mata kar ta zo. Aka gaisa, aka ci abinci. Na ga Inna ta haɗa 'yan rigunan yarinyar a cikin leda ta ajiye a bakin gado. Maigidana ya ce ai na warke, Inna ta ce hanci ne ya warke. Ya tashi ya ce zai duba ɗaurin dami.

Na ɗauko ƙoƙo da kaina na shiga ɗakin Inna, na durƙusa.

"Inna, a sake gwadawa."

"An gwada ai."

"A sake. Amma kar a kama ta da hannu."

Inna ta dube ni, na sunkuyar da kai, amma ban tashi ba. Na tatsa a gabansu. Na zari tsinken tsintsiya na je bakin ƙofa inda tururuwa ke layi, na kwantar da shi a hanyarsu har ɗaya ta hau. Na kawo a hankali na karkata tsinken a kan ƙoƙon, ta faɗa. Ta nutse, ta taso, ta yi ta harba ƙafa. Can sai ta kama gefen ƙoƙon ta haura, ta tsaya a baki tana share ƙahonninta.

"Wannan ta iya ruwa ne," in ji Inna. "Kawo wata."

Na kawo wata. Ita ma ta fita. Inna ta ce ta uku, ƙanwar maigidana ta fashe da dariya.

"Haba Inna, za ki ƙarar da tururuwar gidan. Ni dama wannan ƙaton bai bar min na kyauta ba."

Yarinyar tana cinyar Inna, ta fara ƙananan kuka tana miƙo hannu. A ƙa'ida jira zan yi har a ce in ɗauka. Na jira kaɗan, Inna ba ta ce ba. Sai na ji bakina ya ce, "Inna, ba ni 'yata."

Ƙanwar maigidana ta rufe baki da mayafi. Inna ta daɗe tana kallona.

"Ji min marar kunya. 'Yar fari guda." Ta ɗago ta ta miƙo. "Ungo. Ƙawata, je ki wajen uwarki, tunda yau ta yi baki."

A nan gabansu na ba ta, ban juya baya ba. Tana cikin sha ta datse ni har na zabura. Na sa yatsa a bakinta, na ji wani ɗan abu mai kaifi a dasashin ƙasa, kamar ƙwayar shinkafa. Inna ta matso ta taɓa, ta ce dama ita ta san zawon haƙori ne.

Da yamma na ga ta zazzage ledar, ta mayar da rigunan cikin kwalla. Ƙanwar maigidana ta kwana biyu ta koma da ɗanta kaɗai.

Ban taɓa tambayar Inna zancen tururuwar farko ba. Wani lokaci in ce tsufa ne, ba ta san ƙarfin yatsunta ba. Wani lokaci in ce ta sani. Gurbin ya cike, sai ɗan lotsawa da harshena ke zuwa dubawa in na zauna shiru. Na koma shaƙa ruwa a alwala, amma a hankali, kuma har yau in na kurkure baki sai na dubi zanena.